Bencin Masu Tari

"Wallahi ko ni ko ita!" Inna ta buga ƙafa a tsakar gida, tari ya sarƙe ta. "A gaban jama'a fa, Auta! Ta fisge ni daga layin asibiti, ta ɗaura min takunkumi kamar akuya mai ɓarna!"

Sista, nas ɗin da Auta zai aura, ta raɓe a bakin ƙofa da kayan asibiti a jikinta. Haƙuri ta zo bayarwa.

"Inna, dokar aikinmu ce. Duk mai tari a bencin waje muke zaunar da shi, inda iska ke kaɗawa, a fara duba shi. Layin nan akwai jarirai da masu ciki..."

"Rufe min baki, mai warin magani! Ni ce annobar?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Sorry, Sista. Uwa uwa ce."

Kai, namiji! Ko rakiya bai yi mata ba. Washegari ya aiko a karɓo zobensa. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, don tana sonsa kamar ranta.

Sakamakon gwajin kakin Inna ya fito: tarin fuka ne. Nan fa dangi suka watse. 'Ya'yan da Inna ta haifa suka kai ta ɗakin baya, suka toshe taga wai kada cuta ta fito, suna turo mata kwano da ƙafa. Auta ma daga nesa yake gaisuwa.

Maganin kuwa kullum ake sha, a gaban ma'aikacin lafiya, har wata shida. Sista ta ce ita za ta riƙa zuwa. Ranar farko ta ɗaura takunkuminta, ta ɓalle tagar, ta miƙa ƙwaya da ruwa. Inna ta watsa mata ruwan a fuska.

"Gawata kika zo gani?"

"Haɗiye tukuna, Inna. In ya so ki zage ni."

Haka aka yi ta fama, zagi da ƙwaya, har tari ya tsaya, kumatu suka dawo.

Ranar da likita ya ce ta warke, Inna ta riƙe hannun Sista gam, ta ƙwala wa Auta kira.

"Roƙe ta! In ta ƙi ka, ni dai na yi 'ya, kai ka yi asara."

Sai da ya yi ta zarya har ya rame kafin Sista ta ce ta yafe, aka sa rana.

Jama'a, wanda ya ware ka don ya ceci ranka bai ƙi ka ba. Maƙiyinka shi ne mai toshe maka taga.