Ranar da Rukayya Ta Tare Titi

Rukayya 'yar Tsafe ce, kuma ba ta yarda a manta da hakan. Ko a makaranta aka ce mata 'yar Gusau, sai ta turo baki. Aiki ne ya kawo babanta, Malam Salisu, Gusau, ya kwaso su duka. Amma zuciyar yarinyar nan tana can lungunsu na Tsafe, wurin kakarta Iya.

Kai, lungun nan da daɗi yake! Ƙasa ce zalla, babu kwalta. In ka ga abin hawa, to jaki ne ko keke, sai babur jefi-jefi. Yara su yi ta wasan carafke har a kira magariba, ba mai cewa su kauce.

Ranar suna kuwa ba a magana. Gida ya cika, mata su malalo har waje. A shimfiɗa tabarmi a lungu. A kife ƙwarya cikin ruwa a fara kiɗa, Iya ta ja waƙa, kowa ya amsa. Rukayya takan lafe a jikin Iya tana shaƙar ƙanshin turaren wuta a zanenta. Har yau in ta tuna sai ta ji kamar ta yi kuka.

A Gusau kuwa gidansu a bakin titi yake. Titin ba babba ba ne, amma shi ne yanken da mutane ke bi daga tasha zuwa kasuwa. Tun asuba 'yan kabu-kabu da masu keke napep ke zirga-zirga a kansa. Yaro bai isa ya tsaya wasa a nan ba.

Ana nan, sai Inna, mahaifiyar Rukayya, ta haifi mace. Baba ya ce sunan Iya za a sa wa jaririyar, kuma Iya da kanta za ta zo ranar suna. Sai dai ba kwana za ta yi ba, don ba ta son barin awakinta. Za ta biyo motar Haliru direba da safe, ta koma da la'asar, saboda direbobi ba sa son yamma ta yi musu a wannan hanya.

Rukayya ta yi tsalle, ta kuma yi. An daɗe rabonta da Iya. Yanzu ga shi za ta same ta, amma na ɗan yini kawai. Ta ƙudurta a ranta cewa ko minti ɗaya ba za ta bari ya tafi a banza ba.

Ta sami Baba yana gyara babur ɗinsa, ta durƙusa.

"Baba, za a tare titi ranar suna, ko?"

"Ba za a tare ba," in ji Baba. "Na je ofishin jami'an kula da hanya na tambaya. Sun ce titin nan jama'a da yawa ke bi, ba a rufe shi. Mata za su zauna a tsakar gida da gidan maƙwabciyarmu Hajiya Safiya."

"Amma Baba, a Tsafe..."

"Nan ba Tsafe ba ce, Rukayya."

Ta ce to, amma ton nan a baki ya tsaya. Yaya za a yi Iya ta taso tun daga Tsafe, ta tarar da sunan takwararta a matse cikin tsakar gida kamar abin ɓoyo? Ina za a yi kiɗan ƙwarya? Abin ya tsaya mata a rai.

Ranar suna ta zo. Da sassafe maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, aka raɗa wa jaririya suna Khadija. Maza suka watse. Baba ya bi mahauci wani kango can bayan layi inda ake fiɗar rago. Inna tana ɗaki, baƙi sun kewaye ta. Ba mai lura da Rukayya.

Nan fa ta kira ƙanenta Sadiƙ da abokansa. Ta yi musu alkawarin cincin cike da hannu. Yaro da cincin, ai ba sai an roƙa ba. Suka jawo bencinan da maza suka tashi a kai. Suka gangaro tsofaffin tayoyi daga wurin mai faci, ba su ko tambaye shi ba. Suka haɗa da duwatsu. Kafin hantsi sun toshe titin ta gabas, sun toshe ta yamma.

To, kun san halin mutanenmu. Wanda ya ga benci a gicciye kan hanya ba ya tambaya. Cewa yake suna ake yi, ko rasuwa aka yi, Allah ya ji ƙai, sai ya juya. Haka 'yan kabu-kabu suka riƙa juyawa. Haka masu napep suka riƙa juyawa. Kowa ya kutsa cikin ƙananan lunguna yana neman mafita.

Rukayya ba ta ga wannan ba. Ita dai ta ga titi ya yi fayau, ya yi tsit, kamar lungunsu na da. Ta share shi tas, ta shimfiɗa tabarmi. Da zafi ya ishi mata a cikin gida, wasu suka fito suka zauna. Duk sun ɗauka Malam Salisu ne ya samo izini. Har wata ta ce, "Yau ga suna irin na da." Kan Rukayya ya ƙara girma.

Ta ware tabarma mafi kyau a inuwa, ta ce ta Iya ce, kada kowa ya hau. Ta tsaya tana leƙen hanya.

Hantsi ya wuce, ba Iya. Rana ta take tsaka, ba Iya. Can nesa ana ta jin ƙarar hon, tana ƙaruwa, amma Rukayya ba ta kawo komai a ranta ba. Da aka kira azahar, Inna ta kasa haƙuri. Iya ba ta riƙe waya, don haka ta kira Haliru direba. Ya ce ai tun da hantsi suka iso, shi da kansa ya sa tsohuwar a napep a bakin tasha.

Rukayya ta sake fita ta leƙa hanya. Daga tasha zuwa gidansu ai ba nisa. To ina Iya ta shiga?

Ba a jima ba sai ga wani jami'in kula da hanya ya ɓullo a ƙafa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Sunansa Malam Bashar. Tun ɗazu yake bin cunkoson motoci lungu-lungu yana neman inda ya samo asali, sai ga shi a gaban benci da tayoyi. Ya yi sallama, ya ce a kira masa mai gidan.

Baba ya zo da sauri, hannunsa duk maiƙo. Da ya ga titi sai ya tsaya sororo. Ya rantse bai san da wannan aiki ba. Malam Bashar ya ce ai shi Baban ne ya zo ofis kwanan baya aka hana shi, yanzu kuma ga titi a rufe a ƙofar gidansa. Ya ce sai dai su tafi ofis ya yi bayani a can.

Mata suka fara naɗe tabarmi sumui-sumui. Sadiƙ ya ɓuya a bayan ƙofa. Rukayya ta ga za a tafi da babanta ranar sunan 'yarsa, a gaban baƙi, kan laifin da bai yi ba. Sai ta matso.

"Malam, ba Baba ba ne. Ni ce. Ya hana ni, na ƙi ji."

Malam Bashar ya dube ta, ya dubi tayoyin. Bai yi tsawa ba. Ya ce ta fara kwashe abin da ta ajiye tukuna. Ta kwashe, ita da su Sadiƙ, tana share hawaye da bakin hijabi. Taya da ta yi sauƙin gangarowa da safe, yanzu ta yi mata nauyi.

Da suka gama ya ce, "To zo ki ga aikinki."

Suka bi shi, ita da Baba. Suna shan kwana Rukayya ta riƙe baki. Wata babbar mota ɗauke da buhunan masara ta shiga lungu ta maƙale, ba gaba ba baya. Napep da babura sun cushe a bayanta, wasu sun cushe a gabanta, har layin ya kai babban titi. Ga mai ƙanƙara yana kallon kayansa na narkewa. Ga wata mata a kan kabu-kabu da yaro a goye, tana cewa asibiti za ta, jikinsa zafi rau. Kowa faɗa yake, kowa gumi yake.

Malam Bashar ya fara buɗe wa matar nan hanya, ya sa aka ɗaga babur ɗin aka tsallakar da shi. Sannan suka ci gaba.

Can tsakiyar cunkoson, cikin wata napep da rana ta buɗe a kanta, Rukayya ta hango wani mayafi da ta sani. Iya ce. Tana zaune ta rungume ƙwaryar fura a cinya, tana fifita da gefen mayafinta. Leɓunanta sun bushe. Ƙafafunta sun kumbura sumtum. Gwiwoyinta ba sa barin ta doguwar tafiya, shi ya sa ta kasa sauka ta taka.

Iya ta ɗago ta gan su, ta yi murmushin gajiya.

"Ƙawata, ke ce? Wai mi ya faru a wanga gari naku? Tun hantsi muke nan."

Rukayya ta faɗa jikinta ta fashe da kuka.

Kunce cunkoso ba kamar haɗa shi ba ne. Malam Bashar da abokan aikinsa suka yi ta busa usur, suna mayar da wannan baya, suna jawo wancan gaba. Sai da aka sha wuya kafin motar masara ta fita. Da hanya ta buɗe, ya ja Baba gefe ya yi masa gargaɗi, ya ce don yarinyar ta faɗi gaskiya ne ya bar maganar a nan. Ya ce wa Rukayya ta je ta ba mai faci haƙuri, ta ba maƙwabta. Ta ce za ta je, kuma ta je.

Lokacin da Iya ta shiga gida, rana ta riga ta karkata. Ta sha ruwa, ta yi sallar azahar a zaune. Aka miƙa mata takwararta, ta tofa mata addu'a. Waƙa kam babu ita, ko muryar kirki ba ta da. Rukayya ta rakuɓe a gefe, baƙin ciki ya cika ta. Yinin da ta yi ta ɗoki, ita da hannunta ta ƙone shi a titi.

Iya ta yafito ta, ta tambaye ta dalili. Rukayya ta ce so take a yi suna irin na Tsafe, don Iya ta ji daɗi.

Iya ta yi dariya har da tari.

"Wagga ɗiya! Wa ya ce miki muna rufe lungu ruf? Kullum sai mun bar hanya ta jikin katanga. Marigayi kakanki a bakin lungu yake zama, in mai jaki ya taho ya sa a naɗe tabarma ya wuce. Ke kina ƙarama, waƙar kaɗai kika riƙe. Wanda ke kan hanya, ba ki san abin da ya fito da shi daga gida ba."

Rukayya ta sunkuyar da kai. Ta tuna matar nan mai goyo.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Wayar Baba ta yi ƙara. Haliru ne, ya ce mota ta cika, Iya kaɗai ake jira. Rukayya ta dubi Iya. Ko hira ba su yi ba. Ba ta roƙa ba, don ta san ba ta da bakin roƙo. Ta tashi jiki a sanyaye ta ɗauko wa Iya takalmanta, ta ajiye a gabanta.

Iya ta dubi takalman, ta dubi ƙafafunta, ta dubi jikarta. Sannan ta ce wa Baba ya gaya wa Haliru ya tafi abinsa. In ya isa ya biya ya ce wa maƙwabciyarta Mairo ta ba awaki dusa. Ita sai jibi.

"Ba don ke ba ne, ja'ira," in ji ta. "Don ƙafafuna ne. Ko kin ga za su shiga takalmi?"

Rukayya ba ta san sanda ta ruga madafa ba. Ta ɗumamo ruwa, ta kawo a roba da tsumma. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar Iya a cinyarta tana gasa mata a hankali, tana dariya, hawaye na zuba.

"Iya, na daina. Titi na kowa ne, ba namu kaɗai ba. In aka ce kada a tare, akwai dalili. Kuma in Baba ya hana ni abu, zan ji."

"Madalla," in ji Iya, ta lumshe ido ta jingina da bango. "To matsa nan wajen idon sawu. Nan ne aikin naki ya fi taruwa."