Bayan Jajayen Sanduna

"Baba, don Allah ɗaga ƙafarka daga totur! Ƙara nutsewa muke yi!"

Solvej ce ke roƙon mahaifinta, Ejnar. Tayoyin baya sun shige yashi har rabi, ga teku can ta juyo, tana tahowa a hankali kamar ba ruwanta da kowa.

Ejnar ya kashe motar ya dafe sitiyari.

"Shekara arba'in a nan nake faka mota. Tun ba a haifi wancan yaron ba."

Wancan yaron shi ne Troels, mai tarakta, wanda aka ɗora wa kula da motocin da ke shigowa bakin teku. Shi ke kafa jajayen sanduna don kada kowa ya wuce su da mota. Shi ne kuma wanda Solvej ta ce wa su haƙura da juna mako uku da suka wuce, zuciyarta kamar ta tsage.

Duk aikin Vibeke ne, mai kantin askirim, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Troels. Ita ta tsegunta wa tsohon cewa da gangan yake kafa sandunan a karkace, don baƙi su maƙale ya samu kuɗin janyo su. Ejnar kuwa, in magana ta shige masa kai, sai dai a fasa kan! Ya rantse 'yarsa ba za ta auri macuci ba. Ita kuma ta tuna ciwon zuciyarsa ta sunkuyar da kai.

Yau da suka zo shan kofi, yana ganin sandunan ya tsallake su da gayya.

"Baba, zan kira shi."

"Gara teku ta cinye motar!"

"Kai fa? Da wannan ƙugun naka za ka taka har tudu?"

Ruwa ya lashi tayar gaba ya koma, ya sake dawowa, bai koma ba.

Ta danna lambar da yatsunta suka haddace. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Solvej...?"

"Troels, mun maƙale. Bayan sanduna, ta kudu. Ruwa ya..."

"Kada ki bar shi ya fito shi kaɗai. Ga ni nan, masoyiya."

Masoyiya! Har yanzu? Ta toshe baki don kada kukan ya fito.

Minti goma suka zame mata shekara. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, mai sanyin ƙanƙara, kwalbar kofi ta fara yawo tsakanin ƙafafunsu. Motocin da ke cikin sanduna kuwa suna can nesa a kan busasshen yashi, yara na ta sakin filfilon takarda a iska abinsu. Ta ga mahaifinta yana kallon su, yana kuma kallon sandunan ɗaya bayan ɗaya.

Tarakta ta tsaya nesa kaɗan. Troels ya diro ya keto ruwa har gwiwa, babu igiya a hannunsa.

"Ina igiyar?" Ejnar ya daka tsawa.

"Motar kam an rasa ta, Ejnar. In na matso, taraktar ma za ta bi ta. Guguwar hunturu ta kwashe ƙasan wurin nan, shi ya sa na janye sandunan."

"Ba sai ka faɗa ba?"

"Sau biyu na zo gidanka. Ta taga ka sallame ni."

Ya juya ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Hau bayana."

"Ni? In hau bayanka?"

"Baba!" Solvej ta fashe da kuka. "Na rasa Mama, na bar wanda nake so saboda kai. Kai ma so kake in tsaya ina kallo ruwa ya ɗauke ka?"

Tsohon ya dube ta. Sannan ya miƙa hannuwa ya saƙalo wuyan Troels.

Suka kutsa. Igiyar ruwa ta bugo su, Troels ya yi tangal-tangal. Solvej ta cafko rigarsa ta riƙe gam, har suka dafa tarakta.

A kan tudu Troels ya cire jaket ɗinsa ya lulluɓe tsohon. Jama'a sun taru, Vibeke na leƙowa daga kantinta, suna haɗa ido da Ejnar ta ja labule. Can ƙasa rufin motar kaɗai ya rage.

Troels ya juya zai tafi, bai ko yarda ya dubi Solvej ba.

"Kai, yaro."

Ya tsaya.

"Sandunanka daidai suke. Ni ne a karkace."

Haƙoransa na kaɗawa ya waiwayo wurin 'yarsa.

"Ke kuma, zoben baikon nan nasa da kika rataya a wuya kike ɓoyewa cikin riga, kin ɗauka makaho ne ni?"

Solvej ta dafe ƙirji.

"Ciro shi ki ba shi ya sa miki. Ku yi sauri, sanyi nake ji."