Kifin Suruki

A wani lungu na Misfala, unguwar Hausawa a Makka, Hadi ya fara ganin Rumasa'u, shekaru kaɗan bayan Nijeriya ta samu 'yancin kai. Yana kan keken ɗinkinsa ta wuce da tiren busasshen kifi a ka, ta yi sallama ba ta ko dube shi ba. Sai da ta sha kwana ya lura ya haɗe hannun rigarsa da jallabiyar mutane.

Daga ranar tela ya zama babban mai sayen kifi. A hannun goggonta Ɗaso take zaune, mahaifinta kuwa, Malam Kabo, masunci ne a Lis, wani ƙauye can kudu a bakin Bahar Maliya. Hadi bai taɓa ganinsa ba.

"Ɗan Misfala," in ji ta wata la'asar, "in da gaske kake, je ka gaida Baba. Dauda mai motar Muzdalifa ya riga ka aika magana."

"Ruma, hasken idona, ko a bayan teku yake zan je."

Ya goya jakarsa a baya, motar kaya ta rage masa hanya, sauran ya ƙarasa a ƙasa. Da azahar ya isa Lis, yunwa kamar ta kashe shi. Bukkoki ne 'yan kaɗan, da jiragen masunta a kife kan farin yashi, ga ruwa shuɗi iya ganin ido. Ya jefar da jaka, ya tuɓe daga shi sai wando, ya faɗa ruwa kamar agwagwa.

Da ya fito sai wani tsoho da ke gasa kifi a inuwar jirgi ya yi masa sannu da Hausa, ya ce tafaddal, wato bismilla. Hadi ya zauna ba ko riga, ya ci har ya tsotse ƙaya, ya lashe yatsu. Ciki ya cika, baki ya buɗe. Ya ba tsohon labarin Rumasa'u kaf, da wushiryarta, da yadda ta hana shi barci. Har ya ƙara da cewa ya ji ubanta tsoho ne mai taurin kai. Tsoho dai kansa na ƙasa yana juya kifi, ba abin da yake cewa sai "to" da "madalla".

Ana haka wani masunci ya gifta ya ce, "Malam Kabo, yau ba a shiga ruwa ne?"

Wai ina ƙasa ta tsage Hadi ya shige! Bahaushe ko ruwa ba ya sha a gaban suruki, shi kuwa ya cinye abincin rana, ƙirji a waje. Ya suri jakarsa ya ranta a na kare, takalmansa ma a nan ya bar su.

A Makka ya daina ɗaga kai in mai kifi za ta wuce. Saƙo ya biyo wani direba daga Lis cewa Malam Kabo ba zai ba da 'yarsa ga mai ci ya tashi ba sallama ba. Dauda ya samu abin yi, duk teburin mai shayi sai ya ba da labari an yi dariya. Hadi ya rame, kunya na cinsa, son Ruma na cinsa.

Ita ce ta gaji ta tsaya gaban kekensa, idonta taf da hawaye.

"Ashe kunyarka ta fi ni daraja a wurinka? Ni ce 'yar farinsa, Hadi. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. Da wane baki zai ce maka 'yata ce? Ka zauna kana ta zuba, shi ma neman inda zai ɓuya yake."

Hadi ya tsayar da ɗinkin. Bai taɓa tunanin su biyu ne suka ji kunya a ranar ba.

Da azumi Malam Kabo ya zo umara ya sauka gidan Ɗaso. Hadi ya tafi da limamin unguwa, ya tuɓe takalmi tun daga bakin lungu, ya tsuguna can nesa. Ya ce ya yi laifi biyu, ya ci kuma ya gudu, a yafe masa.

Tsoho ya jawo wani ƙunshi ya tura gabansa. Takalmansa ne, an wanke su tas.

"Ni ma ban kyauta ba, ya waladi, ɗana, na bar baƙo yana magana a duhu. Ci bai dame ni ba, gudun ne. Tunda ka dawo da ƙafarka, yarinyar da ka ambata ɗin nan, na ba ka."

Bayan salla aka ɗaura aure, aka yi addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Ranar Malam Kabo da kansa ya gasa kifi, ya ajiye a gaban ango da amarya, ya sa musu albarka. Sannan ya ɗauki tabarmarsa ya fita lungu, ya zauna ya ba ƙofa baya, don yaron ya samu ya ci.