Ɓarawon da Ya Ɗinka wa Kwamfuta Riga

Da rana tsaka aka bugo waya caji ofis, aka ce an yi sata a ɗan asibitin unguwa, inda likita ɗaya ke duba mutanen gida tun daga jariri har kaka. Insfekta ya ajiye cokali, ya ɗauki hularsa.

Insfekta mutum ne mai tumbi da gajen haƙuri. A asibitin nan ake auna masa hawan jini, don haka bai nemi kwatance ba. Amma da Likita ta tare shi a bakin ƙofa, sai ta gaishe shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Haka take yi wa kowa in da mutane a wurin.

"Me aka ɗauka?"

"Allon kwamfutar da ke kan teburin Sakatariya."

"Shi ke nan, asirin unguwa ya tafi kasuwa." Ya yi tsaki. Har da nasa yake nufi.

"Bai tafi ba. Allon gilashi ne kawai, ba ya riƙe komai. Bayanan marasa lafiya suna cikin wancan akwatin." Ta nuna ƙarƙashin tebur. Akwatin yana nan, ƙura a kansa, ko yatsa ba a ɗora masa ba.

"To wannan wane irin sakaran ɓarawo ne? Ya bar saniya ya gudu da igiya."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce ɗakin a kulle yake, ba a ɓalle ƙofa ba, kuma makulli biyu ne: nata da na Sakatariya. Ita Likita tana ciki tana duba jarirai. Ƙa'ida ta ce duk ranar da baƙo ya shiga inda bayanan marasa lafiya suke, sai an kai rahoto ga hukuma, an dakatar da mai riƙe da makulli. In ba a gano wanda ya shiga ba, Sakatariya za a kora.

"Yarinyar nan ita ke riƙe da gidansu," in ji Likita. "Ba na son in rasa ta. Amma ba zan yi wa hukuma ƙarya ba."

"To ba ni sunayen waɗanda suka zo jiya da yau."

"Ba zan bayar ba."

"Ni ne fa hukumar!"

"Kawo takardar kotu. Kafin nan, ko a kanka aka zo tambaya, haka zan ce."

Insfekta ya juya ya nufi teburin Sakatariya. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa bayan tebur. Ba a fizge wayar allon ba, ba a yanke ta ba. An zare ta a hankali, an naɗe ta tsaf, an ɗaure da wani siririn ƙyalle mai ruwan toka. Bakin ƙyallen a tsattsage yake kamar haƙoran zarto, irin yankan da almakashin tela ke yi don kada yadi ya warware.

Ya kwance ƙyallen ya jefa a aljihu.

Sakatariya tana zaune a ɗakin jira, idonta ya yi ja, jakarta a cinya kamar wadda aka riga aka sallama.

"Ina kika je?"

"Cin abinci, Yallaɓai. Na kulle, na tafi da makullina."

"Wa kike zargi?"

"Ba kowa."

"Ba wanda ya yi miki wata magana kwanan nan a kan allon?"

Ta sunkuyar da kai, tana murza hannun jaka. "Babu."

"Ke, 'yata, na girmi ƙaryar nan. Aikinki fa zai tafi."

"Na sani."

"To faɗa min."

"Duk wanda ya tsaya a gaban tagar nan, abin da ya faɗa ba nawa ba ne da zan bayar. Na yi alkawari ranar da aka ɗauke ni."

"Alkawari zai ciyar da gidanku?"

Hawaye ya zubo mata, amma bakinta ya ƙi buɗewa. Insfekta ya ji haushi, ya kuma ji ta burge shi. Ya je ƙarshen benci ya zube don ya huta da ƙafarsa.

Daga nan ya hangi abin. Teburin Sakatariya yana bayan wata faffaɗar taga mai gilashi, inda ake miƙa kati. An girke allon ya ba mutane baya, kamar yadda ya kamata. Amma a bayan kujerarta akwai kabad mai ƙofar gilashi, kuma daga ƙarshen bencin nan kana ganin saman teburin tar a cikin gilashin, har da kofin shayinta.

"Yaushe aka kawo kabad ɗin nan?"

"Bai daɗe ba. Na da na katako ne."

"Kin taɓa zama a nan?"

"A'a. Wurin marasa lafiya ne."

"Zo ki zauna."

Ta zauna, ta duba, ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Ashe gaskiya ya faɗa."

"Wa?"

Ta toshe baki da tafin hannu. Insfekta ya tashi yana murmushi, bai ƙara matsa mata ba.

Maigadi yana bakin get, sai sharar da ba a sa shi ba yake yi.

"Wa ya fita da kaya?"

"Ranka ya daɗe, ko ƙuda bai wuce ba."

"Kana nan duk tsawon lokacin?"

"Kamar gungumen itace."

"To ɓarawon ta sama ya tashi?"

"Ikon Allah ai ya fi haka."

Insfekta ya dube shi daga sama har ƙasa. Kakin maigadi ya tsufa, amma a gwiwar wandon akwai faci mai ruwan toka, ɗinki mai kyau. Ya zaro ƙyallen daga aljihu ya kara a jikin facin. Yadi ɗaya ne.

Tsintsiya ta faɗi daga hannun maigadi.

"Likita ta hana mu faɗin sunan marar lafiya," in ji shi.

"Ban tambaye ka marar lafiya ba. Wanda ya yi maka facin wando na tambaye ka."

Maigadi ya auna maganar, ya ga ba ta karya doka ba. "Baba Tela ne. Shagonsa yana layin da ke bayan gidan burodi."

"Yaya aka yi?"

"Ya zo da kekensa na hawa, ya ce Likita ta ba shi aikin ɗinka wa kwamfuta riga saboda ƙura, sai ya tafi da ita ya gwada. Na ce ɗaki a kulle. Ya ce ba komai, taga ta ishe shi. Ka san shi ɗan firit ne."

"Ya haura ta tagar kati?"

"Ni na riƙe masa kujera."

"Kai!"

"Ni na ɗaure masa a bayan keke ma. Wallahi sai da na ji Likita tana salati na gane na yi aika-aika. Yallaɓai, tsohon nan ko allurar wani bai taɓa riƙewa ba."

"Allah ya shirye ka. Maigadin da ke riƙe wa ɓarawo kujera, yau na gani."

Shagon ɗan ƙarami ne, gaba wurin aiki, baya ɗakin kwana, labule a tsakani. Baba Tela yana kan keken ɗinki, tef ɗin awo a wuya, tabarau a kan hanci. Da ya ga kaki bai daina taka keke ba.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa. In wando ne, sai an ƙara yadi. Wannan cikin ba na wasa ba ne."

"Ka je asibiti yau?"

"Me zai kai ni? Lafiyata lau."

"Ba ka ɗauko komai ba?"

"Ni da ko kujera ba na iya ɗagawa?"

Insfekta ya ajiye ƙyallen a kan keken, kusa da tarin ire-irensa. Ya jawo kujera ya zauna.

"Baba, ba zan birkita maka ɗaki ba. Magana ɗaya zan faɗa maka. Yarinyar nan ta bakin taga, ita za a kora. Ta san kai ne. Na tambaye ta har ta yi kuka, ta ƙi faɗin sunanka."

Keken ya tsaya.

"Korar ta za a yi?"

"In ba a samu wanda ya shiga ba."

"Me ta yi? Ita da take ce min Baba, take ba matata kujera mai laushi?" Ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga. Ya tashi ya ɗaga labule, ya durƙusa, ya jawo wani abu daga ƙarƙashin gado.

Allon ne. An sa masa riga mai ruwan toka, da zif, da ɗinki biyu a kowane gefe.

"Ni na ɗauka. Rubuta."

"Don me?"

Ya rage murya. "Matata tana da miki a cinya. Duk zuwa sai Likita ta ɗauki hoto, wai don a ga ko yana warkewa. Jiya ina zaune a ƙarshen benci, yarinya ta buɗe bayananta don ta ba mu ranar dawowa. Sai ga cinyar matata a jikin gilashin kabad. Ga maza zaune, wani ƙato a kusa da ni yana miƙa wuya. Yallaɓai, matar nan tun muna yara, ko gwiwarta rana ba ta taɓa gani ba."

"Ka gaya wa Sakatariya?"

"Na ce ana gani, ta ce allon ya ba mu baya. Na ce to ta goge, ta ce ba ta da iko, sai mai jikin ta nema da bakinta. Ni kuma yaya zan dubi idon matata in ce mata an gan ta? Sai na ce bari in ɗauko hoton gaba ɗaya."

Insfekta ya shafa gemu. Aikinsa ya sa ya gaya wa mutane munanan labarai da yawa, amma wannan ya yi masa nauyi.

"Baba, hoton ba ya cikin nan."

"Da idona na gani!"

"Gilashi ne kawai, kamar taga. Hoton yana cikin akwatin da ka bari a ƙarƙashin tebur."

Tsohon ya dubi allon, ya dubi Insfekta. "Wannan baƙin akwatin? Na ɗauka na lantarki ne. Ko kallo na biyu ban yi masa ba."

"Madalla da gwani!"

Daga bayan labule muryar ta fito. Wata tsohuwa ce mai jiki, tana dogara sanda, fuskarta a ɗaure, idonta yana dariya.

"Tun da rana nake jin kana gurnani a ƙarƙashin gado, na ce ko ɓera ne. Ashe fashi ka je."

"Ke, koma ciki."

"Ba zan koma ba. Cinyata ce ko taka? Likita ta tambaye ni kafin ta ɗauka, na ce ta ɗauka. Da ka buɗe bakin nan naka ka faɗa min, da ni zan je in ce a kawar da kabad, in ce kada a sake buɗe hoton sai a ɗakinta. Ta gaya min ina da wannan ikon. Kai kana waje kana gyangyaɗi."

"Kunya na ji miki."

"Ka ji min kunya, sai ka haura taga da tsufanka? Da ka karye fa? Wa zai ɗaure min bandeji?" Ta miƙa hannu ta cire masa wani zare daga kafaɗa, ta daɗe tana kakkaɓe wurin da babu komai.

Insfekta ya juya baya ya buga waya. Ya gaya wa Likita an samu allo, an samu wanda ya shiga, ba a taɓa akwati ba. Ya ce kafin kowa ya sake zama a bencin nan, ta rufe gilashin kabad ɗin. Ya saurara, ya kashe.

"Yarinyar fa?" in ji Baba Tela.

"Gobe tana kan teburinta. Likita ta ce za ta rubuta wa hukuma komai, har da laifin kabad, ta ce wannan nata ne. Za ta zo da kanta ta ba Inna haƙuri. Kai kuma sai ka bi ni ofis ka ba da bayani."

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya. Ya miƙo hannuwansa biyu a haɗe.

"Me zan yi da su?"

"Ankwa."

"Wannan tsintsiyar hannun ai zamewa za ta yi. Ɗauko allon mu tafi."

Ya rungumi allon, ya bi bayan Insfekta. A bakin ƙofa ya waigo. "Maganinki na yamma yana kan taga. Kada ki sha da ruwan sanyi."

"Ji ɓarawo yana ba da umarni." Ta dogara sanda ta biyo su har bakin mota. "Insfekta, ɗana, kada ka bar shi a inda iska ke kaɗawa, ƙirji gare shi. Kuma ka dawo min da abina kafin abinci ya huce. Shi kaɗai gare ni."

Insfekta ya buɗe masa ƙofar gaba.