Darussan Da Ba Nasa Ba

"Goge su kawai, Ummuna. Danna guda ne hwa."

Ummukulthum ta ɗago ta dubi Bilyaminu.

Saura mako uku a ɗaura musu aure.

Yana zaune a gaban teburinta cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya cika ɗan ofishin. Da can ƙamshin nan kan sa ta murmushi ita kaɗai. Yau kuwa ko son jinsa ba ta yi.

"Mi zan goge?" ta ce a hankali. "Faɗe shi da bakinka."

"Tsofaffin darussan nan na Shagari mana. Wa ke saurarensu? Murya ce zalla, ga kukan awaki a baya..."

"Muryar wa?"

Ya kau da kai.

Wata huɗu ke nan da wata ƙungiya mai tallafa wa malamai ta ɗauki Ummukulthum aiki a Bodinga. Malaman Bodinga suna da manhajarsu, Allon Malamai, inda suke ɗora darussa. Na Shagari su ma suna da tasu, Zauren Darasi. Kowa yana cikin tasa, babu mai ganin na wani. Aikinta shi ne ta haɗa su, yadda malami ko a ƙauyen Mandera yake zai rubuta abin da yake nema, ya ga duk darussan ɓangarorin biyu, ya ɗauka ya koyar.

A Allon Malamai kuwa babu kamar Bilyaminu. Bidiyonsa arba'in da biyu na lissafin firamare sun zagaye makarantu, har lambar yabo aka ba shi, aka sa shi cikin masu horar da malamai.

A bidiyon nan ta fara sonsa, tun kafin su haɗu ido da ido. Yana koyar da rabi da kwata, ya yanka albasa gida huɗu, ya ce, "In kun ga hawaye a idona, ba lissahi ne ya yi wuya ba, albasa ce." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce a ranta, mai irin wannan taushin hali ga yara ba zai cuci mace ba.

Yau da safe ta gama haɗa manhajojin, ta rubuta "rabi da kwata" don gwaji. Darasi biyu suka fito. Nasa, da na wata Malama Tani ta Horo Birni a ƙasar Shagari, wanda aka ɗora shekara biyu kafin nasa.

Ta danna na Malamar.

Muryar dattijuwa ce, mai ɗan kakkarwa. Albasar nan ce. Hawayen nan ne. Kalma da kalma!

Ta nemo sauran darussan Malamar tana gwada su da nasa, ta kunna na biyu, na uku, na goma. Har inda Malamar ta ce "kamar yadda marigayi maigidana ke hwaɗi", shi ya ce "kamar yadda marigayi kakana ke faɗi", yana sunkuyar da kai kamar zai yi kuka. Ita kuma a lokacin har addu'a ta yi wa kakan.

"Ummu, ki fahimce ni," Bilyaminu ya ce yana matso da kujera. "Malamata ce, ita ta koyar da ni a aji huɗu. Ilimi ai ba na mutum guda ba ne."

"To mi ya hana ka ambaci sunanta? Ko sau guda?"

"Ran Asabar za a buɗe abin nan gaban jama'a. So kike a yi wa mijinki dariya? Haba zuciyata, haba amaryata..."

Ya miƙo hannu zai ja gefen mayafinta. Ta janye kamar wadda ƙadangare ya taɓa.

"Kar ka ƙara kirana haka."

Fuskarsa ta canja nan take. Ya miƙe, ya gyara hula.

"In ke ba ki yi ba, akwai mai yi."

Kafin ta isa gida ya riga ta kai ƙara. Mahaifiyarta, Inna Ladi, tana tsakar gida tana tankaɗe, ko sallamarta ba ta gama amsawa ba ta hau ta da faɗa.

"A kan tsohuwar da ba ki taɓa gani ba za ki kashe aurenki? An buga kati, an kawo lehe, dangi sun ɗinka anko! Mi za mu ce wa mutane?"

"Inna, sata ya yi."

"Satar mi? Akuya ya ɗauka ko buhun gero? Magana ta hwa, ɗiyata! Magana!"

Ummukulthum ta shige ɗaki. Akwatunan lefen suna jere a jikin bango, ta kasa ko kallonsu.

Washegari ta kunna kwamfuta, ta tarar darussan Malama Tani sun ɓace gaba ɗaya. Ta duba wanda ya taɓa su, sai ga sunan Nafisa, abokiyar aikinta, wadda kowa a ofishin ya san idonta ya daɗe a kan Bilyaminu.

Nafisa tana shafa jan baki, ta ce, "Ni dai na san yadda ake rufa wa namiji asiri. Wasu kuwa sai boko."

Ummukulthum ta rufe kwamfutar. Tana da kwafin komai a ajiye. Amma darussan ba nata ba ne, ba za ta yanke hukunci a kan kayan wani ba. Ta ɗauki jakarta ta nufi tasha.

Damina ce, gero ya rufe hanyar Horo Birni hagu da dama. A wani aji mai yoyon rufi ta sami Malama Tani, siririyar dattijuwa, tabaronta ɗaure da zare.

Da ta ji sunan Bilyaminu sai fuskarta ta washe.

"Bilya? Ai ɗana na! Shugaban makaranta ya hwara sa mini darussan cikin manhajar Shagari. Sai Bilya ya zo ya kwashe su daga wayata, ya ce shina kai su Bodinga a sa da sunana. Daga baya ya dawo ya ce an ƙi."

"An ƙi?"

"Wai muryata ta tsuhwa, yara ba su jin daɗinta." Ta yi ɗan murmushin kunya. "Tun ran nan ban ƙara ɗaukar ko guda ba. Ina ji kamar ina damun mutane."

Ummukulthum ta buɗe bidiyon Bilyaminu a wayarta. Ta miƙa mata wayar.

Dattijuwar ta gyara tabarau. Ta kalli bidiyon farko har ƙarshe. Ta kalli na biyu. Leɓenta yana motsi, tana riga shi faɗin kowace kalma.

Can ta ajiye wayar a cinyarta.

"Ashe ba muryar ta tsuhwa ba..."

Ta share ido da bakin hijabi.

"Shi za ki aura, ɗiyata?"

"Haka aka shirya, Malama."

"To ba ni ce miki komi a kan wanga. Amma darussana, ki maida su inda kinka same su. Ba don shi ji kunya ba. Don in san shekara talatin ban yi aikin banza ba."

Ran Asabar ɗakin taron wata makaranta a Shagari ya cika da malamai. Bilyaminu yana sahun gaba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, hankali kwance. Nafisa tana bayansa. Ba su lura da dattijuwar da ke can ƙarshe kusa da taga ba.

Ummukulthum ta yi bayani a taƙaice, ba ta ambaci kowa ba. Ta ce wani ya fito ya gwada.

Malam Salisu na Dandin Mahe ya taso yana dariya. "Ni darasin albasar nan na Malam Bilyaminu nike so!"

Ya rubuta. Darasi biyu suka bayyana a babban allo, kowanne da sunan mai shi da ranar da aka ɗora.

"A'a, wagga kuma wa ta?" Ya danna na saman.

Muryar Malama Tani ta cika ɗakin. Da aka zo wurin hawayen albasa babu wanda ya yi dariya. Malam Salisu ya kunna na biyun. Ya nemo wani darasin ya gwada su, ya sake nemo wani. Wata malama ta ja tsaki mai tsawo, wani ya ce, "Subhanallahi!"

Sai wani ya hango ta. "Ga ta can! Ga Malama Tani can!"

Malamai suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka juya baya. Kafin su zauna kujerar Bilyaminu ta zama wayam.

A bakin ƙofa Bilyaminu ya tare Ummukulthum bayan an tashi, idonsa jajur.

"Kin gama da ni, Ummu. Amma na yafe miki. Wallahi in babu ke, ni gida ne da ba a kunna fitila ba..."

Wata ƙara ta fito daga bayansa. Nafisa ce, riƙe da waya, bakinta a buɗe.

"Bilya... ai abin da ka rubuto min ke nan shekaranjiya!"

Ummukulthum ta dube shi, ta dubi Nafisa. Ta nemi fushi a zuciyarta ba ta samu ba, ƙyama ce kawai, wadda ta sa ta tattare mayafinta don kar ya goge shi, ta raɓa ta wuce.

La'asar sakaliya ta isa Bodinga. Tana shiga zaure ta yi turus.

Akwatunan lefen ne a jibge, an ɗaure su da igiya. Inna Ladi tana zaune a kan tabarma, ɗankwalinta a karkace.

"Uwarshi ta tahi yanzu," ta ce. "Wai in kina son auren, ki hito ki shaida wa duniya na'ura ta yi kuskure, tsohuwar ta kwaikwaye shi." Ta tofar da yawu gefe. "A gidana! Ta dube ni ta ce in sa ɗiyata ta yi wa baiwar Allah ƙazahi! Kawunki Maniru shina tahe da mota ya maida musu kayansu."

Ummukulthum ta matso kusa da ita. Ta zube, ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta, kukan da ta riƙe kwana huɗu ya ɓalle.

"Inna... ina son shi hwa. Wallahi ina son shi..."

Inna Ladi ta ɗora hannu a bayanta tana bubbugawa a hankali.

"Na sani, ɗiyata. Yi kukanki ki gama. Ba ki aurenshi."