Kanwa a Zauren Baba Dabo

Barira na tsakar gida tana tankaɗen garin dawa, ɗanta na goye a baya, sai ta ji surukarta Iya Falta na ce wa mijinta daga bakin ɗaki, "Madu, zaɓo dunƙulen kanwa mai kyau. Jibi masu zuwa kasuwar Bagwai za su tashi, a ba su su kai wa surukanka."

Barira ta ajiye rariya a hankali.

Gidan su Madu gidan Barebari ne. Kakanninsu suka zo daga Barno suka zauna a gefen Minjibir, kuma tun daga lokacin ba su san wata sana'a ba sai fataucin kanwa a bayan jakuna. A kasuwar Bagwai Madu ya fara ganin Barira tana tallan fura, ya dinga sayen furar da ba ya sha, har abokinsa Mati ya ce in bai yi magana da wuri ba jarinsa zai ƙare a ƙwarya. Aure ne na so da ƙauna, kowa ya shaida. Sai dai tun da ta je goyon cikin 'yarta ta fari, Amsa, ƙafar Barira ba ta sake taka Bagwai ba. Iya Falta ba ta rasa dalili: da rani Madu na hanyar Barno, da damina ga laka, da kaka ga mahara. Bara da rani mahaifin Barira ya rasu tana cikin jegon wannan yaron, Madu kuma na tafiya. Da ya dawo, maimakon ya je ta'aziyya, sai aka aika da kanwa kamar yadda aka saba.

Ta zo ta durƙusa gaban tsohuwar. "Iya, ki yi mini aikin gafara. Wannan karon kanwar ba za ta tafi ita kaɗai ba."

"Ke 'yar nan! Da daminar nan? Ga ruwa, ga mahara da ake cewa sun ɓullo ta arewa! Me muka rage su da shi? Duk Bagwai akwai gidan da ya kai naku kanwa?"

"Babu, Iya. Amma kanwa ba ta san inda aka binne Babana ba."

Madu yana tsaye da dunƙule a hannu, ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa. Shi ba mugu ba ne, ɗa ne dai da bai taɓa koyon ce wa uwarsa "a'a" ba. Ran nan ya koya, cikin ladabi.

"Iya, gaskiya ta faɗa. Jibi da mu za a tashi."

Suka bi ayarin 'yan kasuwa, Barira a kan jaki da yaro a baya, Amsa a wuyan ubanta. Suka kwana Dawakin Tofa. Kashegari gonaki suka yi ta wucewa, gero ya kai gwiwa, gida na kallon gida, ba ka rabuwa da wata ɗorawa sai ka shiga inuwar wata. Da Barira ta hango tsamiyar bakin rijiyar garinsu, sai ta ce a sauke ta, da ƙafa za ta ƙarasa.

Wata mata da ke jan ruwa ta ɗago, ta saki guga har igiyar ta kusa bin sa. Hure ce, ƙawarta tun suna 'yan gaɗa, wadda yanzu take auren Mati.

"Wayyo ni! Barira, ke ce ko idona ne?" Ta rangaɗa guɗa. "Dubi wuya! Lalle Barebari sun iya kiwo. Mu nan har mun ce ko kin manta Hausa!"

"Ke dai bakinki bai mutu ba."

"Ya mutu in bar wa wa?"

Suka rungume juna suna dariya, hawaye na zuba. Kafin su kai ƙofar gida mata sun cika hanya, wannan ta karɓi goyo, waccan ta ɗauki Amsa. Inna Kulu, mahaifiyar Barira, ta fito ba ko mayafi, ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu.

A zaure ne labari ya sha bamban. Baba Dabo, ƙanin marigayi, wanda yanzu gandun gidan ke hannunsa, yana zaune a kan buzu. Mati ya rako Madu, suka tuɓe takalma suka durƙusa. Barira ta laɓe bayan ƙofar cikin gida tana saurare.

Baba Dabo ya amsa sallama don ta Allah ce. Da Madu ya fara gaisuwa kuwa, sai tsohon ya juya wajen Mati.

"Mati, ce wa baƙonka ya dubi lungun can."

Madu ya duba. Dunƙulen kanwa ne jibge har sun kusa rabin bango, duk wanda aka taɓa aikowa, ko ɓantara ba a yi ba.

"Ce masa ga surukinmu nan, shi muka sani. Kullum da safe ina gaishe shi, bai taɓa amsawa ba. Ran da Yaya ya cika na ce masa ya taso mu kai gawa, ya ƙi motsi. Ce masa tunda shi ya koya mana magana ta bakin ɗan aike, ni ma ta nan zan dinga yi masa, bakina da nasa sun rabu. Ya kwashi kanwarsa, mu riƙe 'yarmu. Amsa kuwa tasa ce, ya tafi da ita. Na goyen in an yaye shi sai ya aiko, tunda aike bai fi ƙarfinsa ba."

"Baba, don Allah—" in ji Madu.

"Mati, ce masa na gama."

Barira ta bar bayan ƙofar. Ta zo ganin gida, ga shi ana shirin raba ta da miji da 'ya'ya a yini ɗaya. Ta faɗa ɗakin Inna tana kuka.

"Inna, ki sa baki! Wallahi bai taɓa cuta ta ba. Ina son mijina, ba zan ɓoye miki ba."

Inna Kulu ta share nata idon. "Na sani. Amma ki sani, Babanki har ya cika idonsa na ƙofa. Duk jakin da ya yi kuka a waje sai ya ce a duba ko ku ne. Dabo ne yake fita ya dawo ya ce ba ku ba ne. Kina ganin zai manta?"

Barira ta yi kuka har ta gode Allah. Da ta gama sai ta wanke fuska, ta gyara ɗaurin kallabi. Ta san Baba Dabo tun tana hawa wuyansa. Faɗansa kamar wutar kara yake, sai dai wannan karon akwai gungume a ƙarƙashinta, kuma ta san irin ruwan da zai kashe ta.

Bayan la'asar ta tafi gidan Hure, inda aka sauki Madu. Ta tarar ya fito da wata rigar saƙi mai aiki, wadda ya sayo a Barno bai taɓa sawa ba, yana miƙa wa Mati.

"Ka kai masa wannan, ka ce na tuba."

"Maigida!" Barira ta dafe ƙirji. "Ashe har yanzu ba ka gane ba? So kake a ɗora rigar a kan kanwa?"

Hure ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki. Madu ya yi sororo.

"To me zan yi? Ni abin da na sani ke nan. A gidanmu wanda kake girmamawa shi kake yi wa kaya."

"A gidanmu kuma jikinka ake so a gani. Gobe akwai gayyar maimai, noma na biyu, a gandun Baba Dabo. Duk surukan gidan za su fito da hauya."

"Barira, ni ko kotar hauya ban taɓa riƙewa ba. Dariya za su yi mini."

"Za su yi. Ka bar su su yi. Dariyar ba za ta raba ni da 'ya'yana ba, zamanka a nan ne zai raba."

Ya dube ta. Sannan ya ninke rigar ya mayar cikin jaka. "Mati, ara mini hauya."

Da hantsi ya ɗaga, Barira da Hure suka bi manyan mata kai fura gona. Tun daga nesa suke jin ganga. Samari sun jeru, kowa da kunyarsa, ƙasa na tashi. Can baya, shi kaɗai, ga Madu ya naɗe wando, zufa ta jiƙe shi sharkaf. Makaɗin gayya ya samu abin yi, ya koma kusa da shi yana waƙa: "Ɗan Barno riƙe ta da kyau, ba igiyar jaki ba ce!" Gona ta ɗauki shewa. Madu bai ɗago ba. Baba Dabo na tsaye gindin gawo, ya ɗauke kai kamar bai san da shi ba.

Sai dai an shuka wake a tsakanin geron, tsiron ya fito shar. Madu kuwa abu ɗaya Mati ya gaya masa: duk abin da ba gero ba, ciyawa ce. Bawan Allah ya duƙa da gaskiyarsa yana sare waken nan ɗaya bayan ɗaya, har yana waiwaye ya ga ko ya bar wani.

Barira ta hango, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga Baba Dabo ma ya hango. Ta yi shiru.

Tsohon ya motsa ƙafa. Ya nemi Mati da ido, Mati na can ƙarshen gona. Hauya ta sake sauka. Ta kuma sauka. Manomi na iya jure zagi, amma ba ya iya tsayawa ana kashe masa shuka a gaban idonsa.

"Kai! Kai Madu! Waken ne kake karkashewa! Irin da Yaya ya bari ne, ɗan nema!"

Ganga ta tsaya. Baba Dabo ya zo da sauri ya fizge hauyar. "Wannan ciyawa, wannan wake! Ba ka da ido ne? Haka ake riƙewa, ka sassauta hannun—" Ya kama hannun Madu zai gyara masa, sai ya ga tafin duk ya yi bororo ya fashe, jini ya ɓata kotar.

Daga can Mati ya ɗaga murya, "Baba, in zo in gaya masa, ko ya ji?"

Gona ta fashe da dariya. Baba Dabo ya harare shi, amma bai saki hannun ba.

Madu ya durƙusa a cikin kunya, ƙasa har gwiwa. "Baba, na yi laifi, ba ni da hujja. Abu ɗaya nake roƙo. A nuna mini inda aka kwantar da shi. Ya ba ni 'yarsa da hannunsa, ban zo na raka shi ba."

Tsohon ya saki hannunsa. Ya juya baya ya goge fuska da hannun riga, sannan ya ce, "Tashi mu je."

Barira ta tsaya da ƙwaryar fura a ka tana kallon su, tsoho a gaba, mijinta na biye yana ɗingishi, har suka shige cikin kukokin maƙabarta. Hure ta zungure ta. "Ke, kin ga waken nan tun farko, kika yi shiru!"

"Na gani," in ji Barira, tana murmushi hawaye na bin kumatunta. "Baba ma ya gani."

Da yamma Baba Dabo ya shigo tsakar gida, abin da ba ya yi sai da dalili. Dunƙulen kanwa ne a hannunsa, na can ƙasa, wanda aka fara aikowa. Ya ɗora shi a kan dutsen niƙa, ya ɗauki taɓarya ya buga, ya tarwatse.

"Kulu, a dama kunun kanwa, mai yawa. A kai wa surukina zaure, tare za mu sha." Ya dubi Barira. "Ke kuma ba inda za ki sai an yi girbi. Shi ma haka. Yana da waken da zai sake shukawa."

Haka aka yi. Da kaka suka koma Minjibir da damin gero a kan jakuna, kuma da damina ta zagayo, Iya Falta da kanta ta ce a ɗaura mata sirdin jaki, za ta je ta ga mutanen da suka sa ɗanta noma.

Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa yake. Kyauta aba ce mai kyau, amma ba ta durƙusa ta yi gaisuwa, ba ta raka gawa, ba ta share wa uwa hawaye. Wanda yake da dangi ya je ya gan su tun suna iya ɗaga ido su dubi ƙofa.