Baƙon da Ke Cin Masu Gida

A can wani gari, an yi wata yarinya mai kiwon ƙananan jajayen kifaye a akwatin gilashi. Ran nan kawunta ya kawo mata tsarabar tarwaɗa, ya jefa ciki.

Gari ya waye, kifi ɗaya babu. Uwarta ta ce, "Haƙuri, ba a korar baƙo." Gari ya sake wayewa, wani babu. Uwar ta ce, "Ba a korar baƙo."

Ran yarinya ya ɓaci. "Haba Inna! Su waɗannan ba rai gare su ba?" Ta kamo tarwaɗar, ta saka a tsohuwar randa.

Da kawu ya gani, sai ya ɗaure fuska. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, ban kori baƙonka ba. Ɗaki na ware masa, tunda masu gida yake ci."